Sarrafa zirga-zirgar data domin kai bidiyo da shafuka ga masu amfani da intanet: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin sababbin injiniyoyi, da masu tafiyar da ƙananan kamfanonin sayar da intanet, har ma da masu amfani da ke son sanin abin da ya sa bidiyo ke tsayawa yana juyi alhali sun biya kuɗin layi mai faɗi. Na amsa su ne bisa yadda aikin yake gudana a zahiri.

Me ake nufi da sarrafa zirga-zirgar data?

Duk abin da ka buɗe a waya ko kwamfuta ba a dunƙule yake iso maka ba. Ana yayyanka shi ne ƙananan ƙunshi, galibi kowane ɗaya bai wuce bayit 1,500 ba, sannan na'urorin da ake kira rauta su riƙa miƙa wa juna har ya iso. Ita kanta intanet ba ta mutum ɗaya ba ce. Hanyoyin sadarwa ne masu zaman kansu fiye da 70,000, kowacce da mai ita da manufarta, suka amince su haɗu.

Sarrafawar ta ƙunshi shawara uku: daga ina za a ɗauko abin da mutum ya nema, ta wace hanya zai biyo, sannan idan hanya ta cika, wane ƙunshi ne zai jira kuma wane ne zai wuce. A cikin ukun nan, ta farko ta fi kowacce tasiri, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita.

Me ya sa ƙara faɗin layi ba ya magance matsalar a kowane lokaci?

Saboda faɗi daban, nisa daban. Faɗin layi yana nuna yawan datar da za ta iya wucewa a daƙiƙa guda. Jinkiri kuwa shi ne tsawon lokacin da ƙunshi ɗaya ke ɗauka ya je ya dawo, kuma wannan kuɗi ba ya rage shi idan ya kai wani mataki. Haske a cikin zaren faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ke nan duk kilomita 1,000 na cin milisakan 5 a tafiya, 10 a zuwa da dawowa (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Babu injiniyan da zai iya sauya wannan lissafi.

A ce saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi, tana nesa da kai da kilomita 6,000. Kowane zuwa da dawowa milisakan 60 ne, wannan ma idan kebul ɗin a miƙe yake, kuma ba a taɓa shimfiɗa shi a miƙe. Kafin ka ga harafi ɗaya, sai wayarka ta yi gaisuwar buɗe hulɗa ta TCP, wato ƙa'idar da ke tsara aika data tsakanin na'urori biyu, zuwa da dawowa ɗaya ke nan. Sai musayar mabuɗan sirri ta TLS, na biyu. Sai neman shafin kansa, na uku. Milisakan 180 sun tafi, kuma shafin zamani yakan kira abubuwa da dama daga wurare daban-daban. Ko layinka ya ninka faɗi sau goma, waɗannan milisakan suna nan daram. Amma idan aka dawo da sabar zuwa nisan kilomita 100, kowane zagaye ya koma kusan milisakan ɗaya.

Tauraron ɗan'adam ya fi nuna wannan a fili. Irin wanda ke tsaye a sama da wuri ɗaya yana nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, shi ya sa jinkirinsa yake kai rabin daƙiƙa ko fiye. Taurarin Starlink suna shawagi ne a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kawai, saboda haka jinkirinsu bai kama ƙafar wancan ba.

Akwai kuma wani abu: TCP ba ta fara aika data da dukkan ƙarfinta. Tana farawa da kaɗan, tana ninkawa bayan kowane zagaye. Idan zagayen ya yi tsawo, ƙaramin fayil zai gama sauka tun kafin a taɓa ko rabin faɗin da ka saya.

Mene ne CDN?

Tarin sabobi ne da aka baza a garuruwa da ƙasashe, kowacce tana riƙe da kwafin abubuwan da mutanen yankinta suka fi nema. Mutum na farko da ya nemi bidiyo, sai an je can asalin ma'ajiyarsa an ɗauko. Daga nan sabar da ke kusa ta ajiye kwafi, duk wanda ya biyo baya daga gare ta zai karɓa. Kamfanin Akamai, wanda Tom Leighton da Daniel Lewin na jami'ar MIT suka kafa a 1998, yana cikin waɗanda suka fara mayar da wannan dabara sana'a.

Abin da ya sa dabarar take aiki shi ne halin mutane. Kaɗan ne daga cikin abubuwan da ke intanet suke jan mafi yawan masu kallo, sauran kuwa jefi-jefi ake neman su. Don haka ma'ajiya madaidaiciya tana iya biyan buƙatar jama'a masu yawa. Ma'aunin da ake dubawa shi ne kashi nawa cikin ɗari na buƙatu aka biya daga ma'ajiyar ba tare da an koma asali ba.

Me ya sa Netflix da Google suke ba kamfanonin intanet na'urorin ajiya kyauta?

Domin kowa na cin riba. Netflix ta ƙaddamar da shirinta na Open Connect a 2012, Google kuma yana da nasa mai suna Google Global Cache. Suna kawo na'urar, kamfanin intanet ya ba ta wuri da wutar lantarki da layi a cikin cibiyarsa. Mai bidiyo ya samu kayansa na isa ga masu kallo ba tangarɗa, kamfanin intanet kuma ya huta da biyan kuɗin jigilar abu ɗaya sau dubbai daga nesa.

Sai an san yadda ake cajin manyan layuka za a gane girman wannan riba. Yawanci ana auna abin da ke wucewa duk minti biyar. A wata mai kwana 30, awo 8,640 ke nan. Sai a jera su daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 cikin ɗari na sama, wato kimanin awa 36, a caje ka a kan mafi girman abin da ya rage. Ma'ana, lokacin cunkoso na farkon dare ne ke yanke maka kuɗin wata, tsakar dare kuwa kusan kyauta ne. Netflix ta gina tsarinta a kan haka: tana cika na'urorinta da sababbin fina-finai a lokacin da layi ya yi sauƙi, da yamma kuma a raba su daga cikin gida.

Ba kowane kamfani ake ba ba. Sai zirga-zirgarsa zuwa ga mai na'urar ta kai wani adadi. Wanda bai kai ba, sau da yawa mafitarsa ita ce ya samu ma'ajiyar haɗin gwiwa a mahaɗar musaya, wato wurin da kamfanoni suke haɗa layukansu.

Mene ne bambanci tsakanin sayen hanya da musaya kai tsaye?

A sayen hanya, kana biyan babban kamfani ya kai datarka ko'ina a duniya. A musaya kai tsaye, kamfanoni biyu suna haɗa layi su riƙa miƙa wa juna datar abokan cinikinsu kawai, kuma galibi ba wanda ke biyan wani. Mahaɗar musaya wuri ne da kamfanoni da yawa suke jona layinsu a na'ura ɗaya, ta yadda layi guda zai sada ka da ɗaruruwa. LINX ta Landan ta fara a 1994, DE-CIX ta Frankfurt a 1995, ga kuma AMS-IX ta Amsterdam.

Inda babu irin wannan mahaɗa, ko akwai amma kamfanoni sun ƙi shiga, abin da ke faruwa abin takaici ne. Maƙwabta biyu a gari ɗaya, kowanne da kamfaninsa, saƙonsu sai ya tsallaka teku zuwa wata nahiya sannan ya dawo. An biya kuɗin tafiya, an biya na dawowa, an kuma ƙara jinkirin da ba gaira ba dalili. Babban kamfani wani lokaci yakan ƙi musaya da ƙarami don yana so ƙaramin ya zama mai saye a wurinsa. Na fahimci lissafin, amma abokan cinikinsa ma suna shan wahalar wannan shawara.

Ta yaya ake zaɓa wa mutum sabar da ta fi kusa da shi?

Hanya biyu ce ta fi yawa. Ta farko ta DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshi. Idan ka tambaya, CDN tana duba inda tambayar ta fito ta ba ka adireshin sabar yankin. Matsalar ita ce ba kai take gani ba, mai tambaya a madadinka take gani. Idan kamfaninka ya ajiye na'urar DNS ɗinsa a wani gari mai nisa, za a ɗauka can kake, a tura ka sabar da ba ta dace ba. An fito da wani ƙari a 2016 da ke ba mai tambayar damar bayyana wani ɓangare na adireshinka, sai dai ba kowa ke amfani da shi ba saboda batun sirri.

Ta biyu ita ce a sanar da adireshi ɗaya daga wurare da yawa a lokaci guda, a bar rautoci su kai kowa wurin da ya fi musu kusa. Haka 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare suke aiki. Sai dai kusa a idon rauta ba lallai ne ya zama kusa a taswira ba.

Ashe BGP ba ta zaɓar hanya mafi sauri?

Ba ta zaɓa, kuma wannan yana ba sababbin shiga mamaki. BGP ita ce yarjejeniyar da hanyoyin sadarwa suke sanar da juna adireshin da za su iya kaiwa. Yakov Rekhter da Kirk Lougheed ne suka zana ta a 1989. Ba ta san jinkiri ba, ba ta san cunkoso ba. Abin da take fara dubawa shi ne fifikon da mai gidan ya rubuta mata, kuma fifikon nan na kuɗi ne: hanyar abokin ciniki mai biyanka ita ce gaba, sai ta abokin musaya, ta wanda kake biya kuwa a ƙarshe. Bayan wannan ne take ƙirga yawan kamfanonin da hanya ta ratsa. Hanyar da ta ratsa kamfani biyu amma ta cika maƙil za ta doke wadda ta ratsa uku kuma take wayam.

Datar da ke fita daga gidanka tana hannunka. Wadda ke shigowa kuwa roƙo kawai kake yi. Kana iya maimaita lambar kamfaninka a cikin sanarwa don hanyar ta yi kama da doguwa, ko ka liƙa wasu alamomi da ke roƙon maƙwabci ya rage mata daraja, amma shi ke da ta cewa. Ga kamfanin da ke sayar wa jama'a intanet, mafi yawan nauyi shigowa yake yi, don haka ɓangaren da ba shi da iko a kansa shi ne mafi girma.

Manyan masu aika data sun gaji da wannan makanta. A 2017 Facebook ya bayyana tsarinsa na Edge Fabric, Google kuma ya bayyana Espresso. Dukansu suna auna cikar kowace ƙofar fita, su karkatar da wani kaso zuwa wata kafin ta toshe.

BGP kuma an gina ta ne a kan yarda. A watan Fabrairun 2008, Pakistan Telecom ya sanar da wani yanki na adireshin YouTube da nufin toshe shi a cikin ƙasar, sanarwar ta ɓalle ta bazu, YouTube ya ɓace wa mafi yawan duniya na kusan awa biyu. Ranar 4 ga Oktoban 2021, wani kuskure a aikin gyara ya sa Facebook ya janye sanarwar hanyoyin DNS ɗinsa, shi da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Irin na Pakistan yana da magani a yau: tsarin RPKI yana ba mai adireshi damar sa hannu a kan wanda ya halatta ya sanar da shi. Duk kamfanin da bai yi rajistar nasa ba, kuma ba ya tace abin da abokan cinikinsa suke sanarwa, ya bar ƙofarsa da ta maƙwabtansa a buɗe.

A cikin gidan kamfani ɗaya fa, yaya ake raba kaya?

Nan abin ya fi sauƙi tunda mai shawara ɗaya ne. Yarjejeniyoyin da rautocin cikin gida suke amfani da su, irin su OSPF da IS-IS, suna lissafa gajeriyar hanya, sai dai gajeriyar hanya kowa ita yake so, sai ta cika a bar doguwa babu kowa. MPLS, wadda aka daidaita a 2001, tana liƙa wa ƙunshi lamba ta yadda injiniya zai ce wannan rukuni ya bi ta nan. Sabuwar dabarar da ke maye gurbin tsoffin hanyoyin keɓe wa data wuri a kan layi tana rubuta jerin zangon a jikin ƙunshin tun daga mashiga, don kada rautocin tsakiya su riƙe bayanin kowace hanya.

Gwajin sauri yana nuna lamba mai kyau, amma kiran bidiyo yana katsewa. Me ke faruwa?

Mafi yawan lokaci jerin gwano ne ya yi tsawo. Kowace rauta tana da ɗan wurin da ƙunshi ke jira idan layin gaba ya cika. Masu ƙera na'urori sun ga ma'ajiyar wannan jira ta yi arha, suka ƙara girmanta da tunanin cewa zubar da ƙunshi aibi ne. Amma zubarwar nan ita ce alamar da TCP ke jira kafin ta rage gudu. Van Jacobson ne ya shigo da wannan tsari a 1988, bayan cunkoson da ya kusa durƙusar da intanet a 1986. Idan aka ɓoye alamar, mai aikawa zai ci gaba da turawa har ma'ajiyar ta cika, kuma ta zauna a cike.

Lissafin ba wuya. Ma'ajiyar megabayit ɗaya a bakin layin megabit 8 tana ɗaukar daƙiƙa guda cur kafin ta zazzage. Wani yana loda hotuna, muryarka kuma ta shigo ta tsaya a bayansu daƙiƙa ɗaya. Gwajin sauri ba zai nuna komai ba, tunda data tana wucewa da cikakken faɗi. Jim Gettys ne ya ja hankalin duniya ga wannan ciwo a wajejen 2010. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel, dabarar kula da jerin gwano wadda ke duba tsawon lokacin da ƙunshi ya yi yana jira maimakon yawan waɗanda ke jere. Daga baya FQ-CoDel ta ƙara raba jerin, kowace hulɗa da nata, har ƙaramin ƙunshin murya ya daina bin bayan babban fayil.

Ina ganin wannan shi ne gyara mafi arha a duk fagen nan, kuma abin yana damuna ganin yadda ake kashe kuɗi a kan sabon layi alhali saiti ɗaya a bakin tsohon zai kawar da rabin ƙorafin jama'a. Hanyar gwaji ita ce a auna jinkiri lokacin da layi ke hutawa, a sake aunawa lokacin da aka cika shi da gangan. Tazarar da ke tsakani ita ce girman ciwon.

Daga ɓangaren masu aikawa ma an samu sauyi. Google ya fito da BBR a 2016, wadda ke ƙiyasta faɗin hanya da jinkirinta maimakon jiran sai an zubar da ƙunshi.

Me ya sa bidiyo ke dushewa ya sake yin garau shi kaɗai?

Da gangan aka yi shi haka. Ana ajiye bidiyo ɗaya a matakan inganci daban-daban, a yanka kowanne guntu-guntu na 'yan daƙiƙoƙi. Manhajar kallo tana duba saurin da guntun baya ya sauka da abin da ya rage mata a ajiye, sai ta zaɓi matakin na gaba. Apple ya fito da irin wannan tsari mai suna HLS a 2009, wani mai suna MPEG-DASH ya biyo baya a 2012. Dabarun matse bidiyo su ma suna rage nauyi: H.264 ta 2003, HEVC ta 2013, AV1 ta 2018, kowacce tana ba da hoto iri ɗaya da data ƙasa da ta gabanta.

An ga ƙarfin wannan a watan Maris na 2020, lokacin kullen korona. Kwamishinan Tarayyar Turai na lokacin, Thierry Breton, ya roƙi masu yaɗa bidiyo su sassauta, Netflix ta rage nauyin datarta a Turai da kusan kashi 25 cikin ɗari na tsawon kwana 30.

Kallon kai tsaye, kamar wasan ƙwallo, me ya sa ya fi wahala?

Ba a iya cika ma'ajiya da shi tun daren jiya, kuma kowa yana shigowa a minti ɗaya. Abin da ake yi shi ne sabar da ke kusa da masu kallo ta karɓi buƙatu dubu na guntu ɗaya, ta aika guda tak zuwa asali, ta raba amsar ga kowa.

Kamfanin intanet zai iya ajiye kwafin shafuka da kansa ba tare da masu su ba?

A da ana yi. Yanzu kusan komai a rufe yake da HTTPS, wato tsarin sirrinta shafuka, kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki balle ya ajiye. QUIC, sabuwar ƙa'idar aika data wadda aka daidaita a 2021, ta rufe har yawancin bayanan sarrafa hulɗar. Abin da ya rage shi ne haɗin gwiwa da masu kayan.

Ba wa wata data fifiko ba zalunci ba ne?

Ya danganta da ma'aunin fifikon. A sa murya gaban saukar da fayil saboda murya ba ta jure jira, wannan aikin injiniya ne, kuma tsarin DiffServ na 1998, mai sa wa ƙunshi alamar fifiko, don haka aka yi shi, ko da yake alamarsa ba ta cika tsallake iyakar kamfani ɗaya ba. Amma a rage wa wani sabis gudu saboda yana gogayya da naka, ko don bai biya ba, wannan wani abu ne daban. A Amurka an kama kamfanin intanet na Comcast yana katse zirga-zirgar BitTorrent, tsarin musayar fayiloli tsakanin masu amfani, a 2007. Hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta kafa dokokin hana nuna bambanci tsakanin data a 2015, aka soke su a 2017. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2015, wadda ta halatta sarrafawa ta hankali muddin ba ta kasuwanci ba ce. Ni dai a ganina, fifiko ba ya ƙirƙirar faɗin da babu. Idan layi yana cika kowace yamma, zaɓen wanda zai sha wahala kawai ake yi, kuma lokacin faɗaɗa shi ya yi.

Idan kebul na ƙarƙashin teku ya tsinke fa?

BGP za ta nemi wata hanya, idan akwai, kuma idan tana da sarari. Tsibirin Tonga kebul ɗaya yake da shi zuwa waje lokacin da dutse ya yi aman wuta a Janairun 2022, aka yi fiye da wata guda kafin a gyara. Layi biyu kuma ba kariya ba ne idan rami ɗaya suka bi, ko idan kowanne yana ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsa, domin ranar da ɗaya ya faɗi ɗayan ba zai iya ɗaukar 140 ba.

Daga ina ƙaramin kamfani ya kamata ya fara?

Daga awo. A kunna NetFlow ko sFlow, wato tsarin ƙididdige datar da ke wucewa, a rautocin iyaka, a tara bayanin mako biyu, a ga kamfanoni goma da suka fi aiko da data a lokacin cunkoso. Kusan kullum sunaye kaɗan ne suke ɗauke da mafi yawan nauyin. A duba wanne daga cikinsu yake mahaɗar musaya mafi kusa, wanne kuma yake ba da na'urar ajiya, a rubuta musu. A lura cewa matsakaicin minti biyar yana ɓoye cunkoson da ke zuwa na 'yan milisakan, don haka a riƙa duba adadin ƙunshin da kowace ƙofa ta zubar, ba zanen cikarta kaɗai ba. Bayan an shigar da na'urar ajiya, a tabbatar an sanar mata da dukkan adireshin abokan ciniki, har da na IPv6, wato sabon tsarin adireshi, domin duk rukunin da aka manta zai ci gaba da ɗauko bidiyonsa daga nesa alhali kwafin yana ɗaki ɗaya da rautarsa.